Fatsar tirawut a kogin Kilaid: dattijon ya burge ni, wandon hayarsu ya ɓata mini rai

Asabar ɗin ƙarshen Satumba na je yinin koyon fatsar tirawut, wani kifin ruwan sanyi, wajen wani kamfani da 'yan uwanmu na Gilasgo suka daɗe suna kwaɗaita mini, masu kai mutane can saman kogin Kilaid, wajejen ƙauyen Abington a Sikotlan. Kuɗin da suke karɓa ba kaɗan ba ne. An ce a ciki akwai mai koyarwa, da sanda, da wandon roba na shiga ruwa, da takardar izinin kamu, da abincin rana. Na matsu in je kafin 6 ga Oktoba, don daga ta wuce doka ta rufe kamun wannan kifi a Sikotlan, sai kuma 15 ga Maris.

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Neja na tashi, fatsa da mamari ba baƙina ba ne. Amma wannan wata fatsa ce daban. Babu tana, babu dalma. 'Yar ƙugiya ce aka naɗa wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, ba ta da nauyin komai, nauyin igiyar ne ke ɗaukarta ya kai ta inda kake so. Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne, a ido zai haura saba'in, ba shi da yawan magana. Awa guda ya tsayar da ni a kan ciyawa da sanda mai ƙafa 9, ko ruwa ba mu taɓa ba. Ya riƙa cewa, "Ɗana, ba bulala ba ce. Dakata igiyar ta miƙe a bayanka tukuna." Bai taɓa nuna gajiya ba. A wannan awar kaɗai na ce a raina kuɗina sun fita.

Muna shiga ruwa labari ya sauya.

Ban yi taku goma ba na ji wani sanyi ya soke ni a bayan gwiwar hagu. Na ɗauka sanyin kogi ne ke ratsa roba, ai kaka ce, ganye ya fara ja, iska tana kaɗawa daga kan tsaunuka. Can sai na ji ruwa na gangarowa cikin safata. Wandon ya yage a ɗinki, kuma da muka fito muka duba, ga tsohon faci nan a wurin, gefensa ya ɗaye. Ke nan wani ya san da ɓarakar, ya manna mata abu, ya mayar da wandon cikin kayan haya. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Kaya na lalacewa, kowa ya sani, amma ka san abu ya yage ka miƙa wa mutum ya shiga ruwan tsaunin Sikotlan da shi? Dattijon ya kira ofis, waya ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Babu wani wandon a motarsa, don guda ɗaya suka ba shi. Daga ƙarfe goma har azahar ƙafata ta hagu a cikin ruwa take, tun yatsuna na zafi har na daina jin su. Na cire safa na matse sau uku. Duk abin da yake nuna mini a lokacin, yadda tirawut ke fuskantar inda ruwa ke fitowa, shi ya sa ake lallaɓo masa ta baya, da yadda ake barin ƙwaron ya biyo ruwa ba tare da igiya ta ja shi ba, rabi kawai na ji. Hankalina na kan ƙafata.

Da muka zauna cin abinci kuma, na buɗe ƙunshin da ofis ya aiko, naman alade ne a cikin burodin. Sau biyu na rubuta musu cewa ni Musulmi ne, har suka amsa da cewa sun gani. Dattijon bai ce komai ba, ya karɓe nawa ya miƙo mini nasa na cuku, ya zuba mini shayi mai zafi. Da na ce zan yi salla ya ɗauko busasshiyar rigar ruwansa ya shimfiɗa mini a kan ciyawa, ya koma gefe ya jira. Sannan ya zaro safar ulu daga jakarsa, ya sa na zura ƙafar a leda kafin in mayar da wandon. Ba ta hana ruwa gaba ɗaya ba, amma na samu sa'ida.

Wajen ƙarfe uku rana ta ɗan leƙo, iska ta fara kaɗo wasu ƙwari masu dogayen ƙafafu daga ciyawa zuwa kan ruwa, kamar manyan sauro amma ba sa cizo. Ya ce watansu ne, kifi na sonsu. Ya ɗaura mini mai kama da su, ya nuna mini wata inuwa a gindin gaɓa, ya ce kada in ja da na ga baki, in ƙirga biyu tukuna. A jifa na huɗu ruwa ya buɗe a hankali, ƙwaron ya ɓace. Na ƙirga, na ɗaga sanda, ta lanƙwashe. Wallahi na kama giwan ruwa da ya ninka wannan kifi sau goma, amma ban taɓa ganin kifi ya taso ya ɗauki abin da na ajiye masa a kan idona ba. Cikinsa rawaya kamar man shanu, gefensa da ɗigo-ɗigon ja, kowanne da farin zobe. Na manta da ƙafa, na manta da burodi.

Ya sa na jiƙa hannu kafin in taɓa shi, don kada in goge santsin da ke kare fatarsa. Ƙugiyar ba ta da ƙayar baya, nan da nan ta fita. Sai ya ce in sake shi. Gaskiya ya yi mini nauyi, a gidanmu kifin da ya shigo hannu na tukunya ne. Ya ce nan da 'yan makonni wannan kifi zai haura ƙananan rafuka inda suke zuba ƙwai a cikin tsakuwa, kuma yana so jikansa ya samu abin kamawa a wannan gaɓa. Na riƙe shi a ruwa yana fuskantar igiyar kogi har ya murmure, ya kaɗa wutsiya ya tafi. Ban yi da na sani ba.

A hanyar komawa, a kan babban titin M74, na yi niyyar ba su cikakken yabo in yafe sauran. Sai da na isa gida na ga yadda ƙafar ta yi fari fat ta yamutse, kwana uku ina fama da mura, har na rasa aikin Litinin. Na rubuta wa ofis, na haɗa da hoton facin. Bayan kwana tara suka amso da layi biyu: suna ba da haƙuri, za su rage mini wani abu idan na sake zuwa. Maganar burodin ko ambatonta ba su yi ba, kuma ba su ce sun cire wandon daga kayan haya ba. Ina jin yana nan rataye yana jiran wani. Duk wanda zai je, ya juya wandon da aka ba shi ya bi ɗinkin da hannu tun a bakin mota, ya kuma tafi da abincinsa.

Dattijon ya ce akwai wani kifi a Kilaid, gireling, da ake kamawa har cikin hunturu bayan an rufe tirawut. Na sayi wandona, zan neme shi a Nuwamba. Ofis kuma na sake rubuta musu jiya a kan facin nan, har yanzu shiru.