Kuɗin shekara na biya, kalma ɗaya ta zubar mini da mutunci a gaban malamina

Wata bakwai ke nan ina amfani da manhajar haddar kalmomin Japanancin nan da ɗaliban waje a Osaka suke ta yabo, ina shirin jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT, matakin N1 mafi girma, ta Disamba. Da fari ban ga aibinta ba. Furucin a sarari yake, kuma tana dawo maka da kalma daidai lokacin da ta fara kuɓuce maka.

Sai na zo kan sontaku (忖度). Abin da ta rubuto mini layi ɗaya ne: fahimtar abin da ke ran wani ba sai ya faɗa ba. Na ce kai, wannan ai kyakkyawar kalma ce. Ranar da malamina ya ɗage mini ranar miƙa rahoto saboda ya lura ba ni da lafiya, na sunkuya na gode masa da ita. Ya yi shiru yana juya kofin shayinsa, sannan ya ce a hankali, "Ba sontaku na yi ba." Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Wata ɗaliba 'yar ƙasar ce ta warware mini daga baya. Tun 2017, lokacin badaƙalar Moritomo, da aka sayar wa wata makaranta filin gwamnati a Toyonaka da rangwamen kusan yen miliyan 800, aka riƙa cewa jami'ai sun yi sontaku ne saboda alaƙar makarantar da matar Firaministan Japan na lokacin, Abe. A shekarar sontaku ta shiga cikin kalmomin da suka ci lambar kalmar shekara. Yanzu in an faɗe ta, fadanci ake ji: na ƙasa ya hango abin da babba yake so, ya aikata don neman gindin zama. Ni kuma ga shi na jingina wa dattijo ita. Abin da ya kamata in ce shi ne okizukai arigatou gozaimasu, wato na gode da kulawarka.

Toyonaka tana nan kusa da mu, amma manhajar da ke karɓar kuɗina ba ta sa ko gargaɗi ɗaya ba. Na rubuta musu sau biyu, amsa iri ɗaya suka turo, wai suna godiya da shawara. Yanzu duk kalmar da ta ba ni sai na tambayi mutum kafin in buɗe baki da ita. In kuɗin nan ya ƙare a Afrilu ba zan sabunta ba.