Waɗanne Littattafai Za a Saya wa Akwatin Karatu na Ajin Firamare?

Malamin da ƙungiyar iyaye ta damƙa wa 'yan kuɗi don ya sa yara son karatu, ya kamata ya fara da ƙananan littattafan labari na Hausa masu hoto. Daga aji ɗaya zuwa uku babu abin da ya kama ƙafarsu. A nemi masu shafi 8 zuwa 16, da manyan baƙaƙe, layi biyu zuwa huɗu a shafi, hoton kuma na abin da yaro ya sani ne, kamar jaki a bakin rijiya ko raƙumi ɗauke da albasa. Yaran da suka bi tsarin koyar da karatun Hausa na Mu Karanta a makarantun Sakkwato sun iya haɗa gaɓoɓi, abin da suke ƙishirwa shi ne labarin da za su cinye a zama ɗaya. Ajin yara 60 a saya masa labari 20, kwafi uku-uku, su riƙa musaya. Kafin a biya, a ba yaro matsakaici shafi ɗaya. In ya yi tuntuɓe a kalma fiye da biyar, littafin ya fi ƙarfin ajin.

Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, ta 'yan aji biyar da shida ce. Kwafi biyu sun isa, malam ya karanta da baki, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi. Littattafan Turanci na gwanjo ado ne kawai a ƙananan azuzuwa. Kwamfutar hannu kuwa, sai an fara samun wutar caji.

A kula da jabu, don nan kuɗin yara ke salwanta. Ana gane shi da takarda mai shara-shara wadda rubutun baya ke leƙowa ta cikinta, da hoton da ya dushe. A ƙirga shafuka a gaban mai shago, domin sau da yawa wasu sun ɓace ko an maimaita. A duba ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ: inda "faɗa" ta koma "fada", an rikita mai koyo. A buɗe tsakiya a ja kaɗan. Ɗinkin zare yana jure hannun yara, amma gam mai araha zafin Afrilu ke busar da shi, shafuka su zube. Akwatin ya zama na ƙarfe, a ɗora kan bulo saboda gara.