Masallacin Sulaimaniyya ya biya ni, ɗan jagora ya ci kuɗina

Na je Istanbul saro kaya a unguwar Laleli, sai abokin tafiyata ya matsa mini mu biya wani kamfanin yawon buɗe ido ya zagaya da mu. A takardarsu an rubuta awa biyu a Masallacin Sulaimaniyya. Minti arba'in muka samu.

Masallacin kam, masha Allah. Mimar Sinan ne ya gina shi wa Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman, daga 1550 zuwa 1557, a kan tudu, kana tsaye a farfajiyarsa kana hango ruwa da jirage. Ƙubbar ta kai mita 53 daga ƙasa, sai da hulata ta kusa faɗuwa garin ɗaga kai. Hasumiya huɗu, baranda goma a jikinsu, wai don shi ne sarki na goma a gidan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hayaƙin fitilu. Sinan ya tsara iska ta riƙa kwashe shi zuwa wani ɗan ɗaki a saman ƙofa, a kankare baƙin a yi tawada. Nan take na tuna malaminmu na allo yana aikenmu kankaro baƙin gindin tukunya a haɗa da ƙaro. A lokacin har na yafe wa ɗan jagoran.

Ashe da sauran rina a kaba. Ana shirin kiran la'asar, na riga na yi alwala a famfunan jikin bango, sai ga shi yana tafa hannu wai mota na jira. Na ce, "Malam, sallah fa?" Ya ce in yi a otal. Kabarin Sulaiman da na matarsa Hurrem suna nan bayan masallacin, ba mu leƙa ba. Na Sinan ma daga nesa ya nuna mana da yatsa.

Ina aka kai mu da wannan gaggawar? Shagon darduma. Awa ɗaya da rabi ana ɗura mana shayi ana shimfiɗa kafet ɗin da ba wanda ya taya. Ni ɗan kasuwa ne, na san la'ada idan na gan ta.

Shiga masallacin kyauta ne, daga Laleli kuma da ƙafa ake zuwa. Washegari na koma ni kaɗai, na bi jam'in azahar, na ci wake da shinkafa a shagunan da ke gabansa.