Zhu De ko Peng Dehuai: tarihin wa za a fara karantawa?

Ɗalibai sun dame ni da wannan tambaya kan waɗannan manyan kwamandojin sojan ƙasar Sin biyu.

Na Zhu De ya fi sauƙin bi. Ya haɗu da Mao Zedong a tsaunin Jinggang a 1928, ya jagoranci Jar Runduna, wato sojojin Jam'iyyar Kwaminis ta Sin, ya rasu a 1976 da girmansa. Sai dai labarinsa ya sha kwalliyar jam'iyya.

Peng kuwa, bakinsa ne ya ja masa. Shi ya jagoranci dakarun Sin a yaƙin Koriya, amma da ya soki manufar Mao a taron jam'iyya na Lushan a 1959, aka tuɓe shi daga ministan tsaro. Ya mutu a tsare a 1974, aka wanke shi a 1978. Ni nasa ya fi taɓa ni.

Mai son sanin asalin rundunar ya fara da Zhu. Mai son fahimtar rikicin cikin gida, Peng ne nasa.