Lyon ko duwatsun Auvergne: ina za a kai Inna a kwana uku?

Hajiya, kin ce kwana uku gare ku a Faransa cikin Oktoba, ba mota, kuma da Inna za a yi tafiyar. Kina tambaya ko birnin Lyon ko duwatsu masu aman wuta na Auvergne.

Lyon ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Jirgin ƙasa mai gudu, TGV, daga Paris awa 2 ne. Tsohon garin yana bakin kogin Saône, da ƙafa ake zaga shi, kuma daɓen duwatsu ne, a bar takalmi mai tsini a masauki. Kada Inna ta hau tudun Fourvière da ƙafa, akwai ƙaramin jirgi da igiya ke ja daga tashar Vieux Lyon. A sama za ku ga cocin da aka fara ginawa a 1872, da dandalin wasan Rumawa, waɗanda suka kafa garin shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da baƙi ke wucewa ba su lura ba shi ne traboules, lunguna masu ratsa gidaje daga wannan titi zuwa wancan. Ƙofarsu kamar ta gidan mutane take, kuma lallai mutane na zaune ciki, sai a shiga da rana a rage murya. Gidajen abincin gargajiya da ake kira bouchon, naman alade ya yi musu yawa. Na halal yana unguwar Guillotière.

Auvergne kuwa duwatsu ne kusan 80 a jere, sun yi shiru shekaru dubbai, ciyawa da itatuwa sun lulluɓe su. Ba wuta, ba hayaƙi. Daga Paris zuwa Clermont-Ferrand, birnin da ke kusa da duwatsun, wajen awa 3 da rabi ne a jirgin ƙasa. Wanda aka fi hawa shi ne Puy de Dôme mai tsayin mita 1,465: jirgin ƙasa na kai mutum ƙololuwa cikin minti 15, da ƙafa ta hanyar Muletiers kusan awa guda. Matsalarsa gajimare. In ya sauko kan dutsen, ko gabanki ba za ki gani ba, kuɗin tikiti ya tafi a banza. Ga iska da sanyi, domin Clermont ɗin kanta wajen mita 400 take, kin ga an hau mita dubu ke nan. Sauran duwatsun kuma yawancinsu sai da mota.

Mu dai Lyon za mu ce. Auvergne a bari sai tsakanin Yuni da Satumba, a ɗauki hayar mota, a duba hasashen yanayi da safe kafin a sayi tikitin hawa.