Jirgin nutso na wasan yara da na saya a Sabon Gari

Tun lokacin da aka yi ta labarin Titan a 2023, ƙaramin jirgin nan da ya tarwatse a ƙarƙashin teku da mutum 5 a hanyarsu ta zuwa kallon ɓaraguzan Titanic, yaron wajena bai bar ni na sha ruwa ba. Mu nan Zariya jirgin sama ba baƙonmu ba ne, ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙi kullum suna shawagi a kanmu, amma teku sai a talabijin. Tambayarsa ɗaya ce kullum, Baba ya ake yi ƙarfe ya nutse kuma ya taso da kansa? To ranar da na ga jirgin nutso mai rimot a wani shagon kayan wasan yara a Sabon Gari sai na ce yawwa, ga amsa ta zo.

Mai shagon ya ce naira 18,000, muka yi ta ja har ya sallama a 15,000, yana ta rantsuwa wai Alhaji wannan sak irin na sojojin ruwa ne, girma kawai ya fi shi. A cikin kwalin akwai jirgin, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, sai rimot da igiyar caji, batirin rimot kuwa kai za ka saya daban kuma bai faɗa min ba sai da na isa gida. Takardar bayanin rabi Sinanci rabi wani irin Turanci da ko mai shi ba zai gane ba.

Jarka huɗu na saya wajen mai ruwa muka cika babban baho a tsakar gida, maman yara tana kallona tana girgiza kai. Gaskiya abin yana aiki. Yana gaba yana baya, yana juyawa, ga 'yar fitila a goshinsa, kana danna maɓalli sai ya yi ƙasa lum, kafin la'asar yaran layinmu sun cika gidan har da waɗanda ban san iyayensu ba.

Sai dai da na tsuguna na duba sosai sai na ga wayon. Wata 'yar farfela ce ke danna shi ƙasa da ƙarfi, kana ɗaga yatsa daga maɓallin sai ya yi tsalle ya taso kamar gorar da aka danna cikin randa aka saki. Na gaske ba haka yake ba. Shi yana da tankuna a jikinsa, in yana saman ruwa iska ce cike da su shi ya sa yake yawo kamar kowane jirgi, in za a nutse sai a buɗe kafofin saman tankin iska ta fita ruwa ya shigo ta ƙasa, nauyi ya ƙaru ya yi ƙasa, in kuma za a taso sai a hura iskar da aka matse a tukwane ta kori ruwan waje. Gwanintar ita ce a daidaita nauyin jirgin da nauyin ruwan da ya ture, ya zama ba ya hawa ba ya sauka, sai a riƙa sarrafa zurfi da wasu 'yan fukafukai na gefe. Namu ba tanki ko ɗaya. Ka ga kenan ainihin abin da ya sa na fitar da kuɗina shi ne babu.

Kuma fa dabarar tankin ba sabuwa ba ce. Tun wajajen 1620 wani ɗan Holan mai suna Cornelis Drebbel ya haɗa na katako da aka lulluɓe da fata mai maiƙo, ana tuƙa shi da hannu a kogin Thames na Ingila. A 1776 Amurkawa suka fito da Turtle, mutum ɗaya tak a ciki, yana shigo da ruwa in zai nutse yana fitar da shi da famfon hannu in zai taso, ya je zai maƙala bam a jirgin yaƙin Ingila a gaɓar New York abin bai yiwu ba. A yi adalci dai, shi ma Turtle ɗin yana da farfela a samansa mai taimaka masa hawa da sauka, don haka ɗan wasan namu ba shege ba ne, yana da kaka. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Hunley, a 1864 lokacin yaƙin basasar Amurka, mutum 8 a takure cikin bututun ƙarfe suna murza farfela da hannu, suka nutsar da jirgin Housatonic, karo na farko kenan da jirgin nutso ya kifar da jirgin yaƙi, su ma ba su dawo ba, sai a 2000 aka ciro shi.

Washegari muka gwada a duro. Yana yin ƙasa kamar tsawon hannu sai rimot ya daina kama shi, yaro ya fara cewa ya lalace. Ba laifin jirgin ba ne wannan, siginar rediyo ba ta ratsa ruwa sosai, ruwan gishiri ma ya fi muni, shi ya sa na gaske da sauti suke gane abin da ke kewaye da su, ko su yi shiru suna saurare ko su aika ƙara su jira ta dawo. A nan ne kuma na ga amfanin wayon farfelar, sigina na yankewa sai ta tsaya jirgin ya taso da kansa, ba sai ka tuɓe riga ka zura kai a duro ba.

Batir kam abin haushi ne. Kwata ɗaya ya mutu, caji ya fi rabin awa, in an yi sa'a da wuta. Na ce wa yaron ya yi haƙuri, manyan ma sun sha wannan, masu injin dizal ba sa iya kunna inji a ƙasa saboda yana buƙatar iska, da batir suke tafiya, in ya yi sanyi dole su taso ko su leƙo da bututu su tada inji su yi caji, kamar dai mu da janareta. Sai da Amurka ta ƙaddamar da Nautilus mai makamashin nukiliya a 1954 aka rabu da wannan wahala, a 1958 ya bi ta ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. Irinsu ko iskar shaƙa daga ruwa suke cirowa da lantarki, abinci ne ke ƙarewa ya dawo da su.

Kwana na huɗu na ga raɓa a cikin gilashin fitila, ashe robar da ke toshe wajen caji ta saki. Na koma shagon, mutumin da ya yi ta kira na Alhaji ya ce kaya in an buɗe ba a dawowa, haka na juyo. Na shafe bakin robar da basilin, har yanzu dai yana tafiya. Duk mita 10 da ka sauka a ruwa matsi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu, Titanic kuwa tana wajen mita 3,800, namu a duron da bai kai mita ɗaya ba yake yoyo.

Amsar tambayar yaron a robar lemo muka same ta. Ka cika ta da ruwa, ka toshe hujin saman murfin biro da cingam, ka ƙara wani cingam a jelarsa don nauyi har ya zama da ƙyar yake yawo, ka jefa ka rufe. Kana matsa robar iskar cikin murfin ta takure ruwa ya shiga ya yi ƙasa, kana saki ya taso. Ko sisi ban kashe ba.

In don nishaɗi ne ku saya, yara za su ji daɗi, amma kada ku wuce 15,000, ku duba robar cajin tun a shago, kada a kai shi dam ko rafi don ruwa zai tafi da shi, kuma kada a bar ƙananan yara su kaɗai da baho cike da ruwa. Mu dai yanzu duk biron gidan ba mai murfi, kuma maman yara ta karɓe bahonta.