UK Biobank: na ba su jinina a 2007, ga yadda na same su

Tun da wasiƙun gayyatar shiga shirin binciken lafiya na Our Future Health suka fara shiga gidajen mutanenmu a nan Manchester, matan da muke haɗuwa a masallaci suke ta tambayata ko su amsa ko su jefa a shara. Sun san aikin jinya na yi har na yi ritaya, sun kuma san ina cikin mutum kusan 500,000 da suka ba UK Biobank jininsu tsakanin 2006 da 2010. To, a kan wannan da na sani a jikina zan yi magana.

UK Biobank ba irin bankin jinin asibiti ba ne da ake ƙara wa mara lafiya. Ma'ajiya ce ta bincike. A lokacinmu ana ɗibar jininki da fitsari, a rarraba su cikin ƙananan kwalabe, a manna musu lamba maimakon suna, a kai su Stockport, kusa da Manchester, a ajiye cikin sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili. Sannan a haɗa wannan lambar da bayananki na NHS, hukumar kula da lafiya ta Birtaniya: kwanciya a asibiti, rajistar masu ciwon daji, har rajistar mutuwa. Hikimar ita ce, idan cuta ta bayyana a jikin mutum bayan shekara 20, a iya komawa ga jininsa na lokacin da yake lafiya lau a ga abin da ya fara sauyawa.

Ranar da na je, tsarin ya burge ni, kuma ni ba mai saurin yabon wurin aikin lafiya ba ce. Na zauna gaban kwamfuta na amsa tambayoyi kan abinci, barci, aiki da cututtukan iyaye. Ma'aikaciyar jinya ta auna hawan jinina, ƙarfin damƙar hannuna, ƙarfin numfashi da ƙashin diddige, ta ɗebi jini kamar cokali uku. Ba a biya ni ba, kuɗin mota kawai aka mayar mini.

Amma abin da ya sa na sa hannu, takardar yarda ce. Ba su yi mini romon baka ba. Sun rubuta ƙarara cewa ba za a faɗa mini sakamakon gwajin jinina ba, cewa na sallama musu abin da suka ɗiba, cewa idan wani kamfani ya samu riba da binciken ba ni da ko sisi, kuma za a ci gaba da amfani da shi ko da hankalina ya gushe ko na rasu. Wannan layin na ƙarshe na daɗe ina kallonsa. Mu jikin ɗan Adam ba abin wasa ba ne a wurinmu, da rai ko babu rai. Maigidana bai so ba sam. A 2007 ɗin ce gwamnatin Kano da ta tarayya suka maka kamfanin Pfizer a kotu kan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ya ce mini, "Hajiya, har kin manta?" Ban manta ba. Ban kuma manta da Alder Hey ba, asibitin yara na Liverpool, inda aka gano a 1999 cewa an cire sassan jikin yaran da suka rasu an ajiye ba da sanin iyayensu ba, har wasu iyayen suka sake yin jana'iza bayan an mayar musu da abin da aka riƙe. Ina bakin aiki a lokacin, na ga yadda mutane suka koma kallonmu. Wannan abin kunyar ne ya haifi dokar sassan jikin ɗan Adam ta 2004, wadda ta sa yardar mutum ta zama sharaɗi kafin a ajiye wani abu nasa don bincike. Abin da ya bambanta UK Biobank a idona shi ne sun tambaye ni, sun faɗa mini abin da ba zan so ji ba, sun kuma bar mini ƙofar fita a buɗe: ina iya cewa su daina tuntuɓata, ko su daina duba bayanaina na asibiti, ko su lalata abin da ya rage na jinin gaba ɗaya. Na yi niyyata a kan ilimin da ake amfana da shi bayan mutum ya bar duniya, na sa hannu.

An amfana kuwa. Tun 2012 masana daga ƙasashe da dama ke neman izinin amfani da bayanan. Saboda an riga an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar dubban mutane kafin korona, aka samu damar sake ɗaukar wasunsu bayan sun kamu, a 2022 aka nuna sauye-sauyen da cutar ke bari a ƙwaƙwalwa ko da ba ta yi tsanani ba. A ƙarshen 2023 kuma aka fitar wa masana sakamakon karanta dukkan ƙwayoyin gadon mutum 500,000 ɗin.

A nan ne damuwata take. A 2007, da na ce "na yarda a yi binciken lafiya", karanta dukkan ƙwayoyin gadon mutum guda abu ne na miliyoyin kuɗi, ba wanda ke zaune a ɗakin nan da ya hango za a yi wa kowa. Yau an yi, kuma kamfanonin magani huɗu da suka zuba kuɗi a aikin, Amgen, AstraZeneca, GSK da Johnson & Johnson, sun samu damar duba sakamakon wata tara kafin sauran masana. Takardar ta halatta hakan, ba na musu. Sai dai yardar da aka karɓa sau ɗaya ana ta ɗora mata kaya shekara da shekaru, ga shi ƙwayoyin gadona ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai rabon 'ya'yana da jikokina a ciki, su kuma ba wanda ya tambaye su. A Nuwamban 2023 jaridar Observer ta ruwaito cewa wasu kamfanonin inshora sun samu bayanan, alhali a farkon shirin an ce ba za a ba su ba. Hukumar UK Biobank ta musanta cewa ta karya alkawari, ta ce bayanan babu suna a jikinsu kuma don binciken lafiya aka bayar. Na karanta ɓangarorin biyu. Ban janye ba, amma ra'ayina shi ne duk amfani irin wannan, da ke kan iyakar abin da mai bayarwa ya zata, ya kamata ya ji shi daga bakinsu tun kafin a yi.

Sai batun da ya shafe mu kai tsaye: kusan kashi 94 cikin 100 na waɗanda ke cikin ma'ajiyar fararen fata ne. An aika gayyata ga mutum sama da miliyan 9, kashi 5.5 kawai suka amsa, yawancinsu masu ɗan hali da lafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a asibiti. A 2017 an nuna cewa wani nau'in ƙwayar gado ta G6PD da ya yawaita a jinin 'yan asalin Afirka yana rage sakamakon gwajin suga na HbA1c, har mai ciwon suga ya fito kamar ba shi da shi. Irin wannan ba a gano shi sai jininmu na cikin abin da ake bincika. Tsoronmu yana da dalili, amma ƙauracewar ma a jikinmu take ƙarewa.

UK Biobank ta rufe ɗaukar sababbin mutane tun 2010, don haka wasiƙar da ke hannunki ta wani shirin ce, da tata takardar yardar. Kada ki sa hannu a tsaye. Ki kai ta gida, ki nemi inda aka rubuta wa za a iya ba bayananki, kamfanoni na ciki ko a'a, da abin da zai faru da jinin ranar da kika ce kin fasa. Ki zauna da manyan 'ya'yanki ku karanta tare, tunda su ma abin ya shafe su. Idan akwai layin da bai fito miki ba, ki buga lambar da ke jikin wasiƙar, ki ce a aiko miki da amsar a rubuce.